Idan giyar motarka ta yi tauri, kada ka yi saurin sauke giyabos

Motocin gudu masu ƙofa biyu ba su da yawa a Garwa. Hilux da Corolla ne suka cika mana gareji, sai jefi-jefi wani ya shigo da Mazda MX-5, ko Nissan 350Z, ko Toyota 86 da ya sayo ta Duwala ko Kwatano. Mafi yawan masu kawo min su kukansu ɗaya ne: giya ta yi tauri, kuma an riga an ce musu sai an sauke giyabos. Ni kuwa ba na bari yarana su kwance ko noti ɗaya sai mun yi wani gwaji da ba ya cin ko dala, domin sau tari ciwon a waje yake, giyabos ɗin lafiyarsa lau.

Ka faka motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birkin hannu, ka kashe injin. Taka kuloci, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya har ribas. Sai ka tayar da injin ka maimaita. Idan suna shiga sumul a kashe amma suna turjewa a kunne, laifin na kuloci ne, ba ya raba injin da giyabos yadda ya kamata. Idan a kashe ma da ƙyar sandar giya take motsi, to ka nemi matsalar a sandar da abin da ya haɗa ta da giyabos. Idan kuwa giya guda ce tak take gardama, sauran suna shiga, wannan magana ce ta daban, zan zo kanta. Ka ƙara da wannan: injin na aiki, ka danne kuloci har ƙasa, ka ɗan jira, sannan ka sa ribas. In ka ji gurrr, ko motar tana neman rarrafawa alhali ƙafarka na ƙasa, ba sauran shakka, kuloci ne.

Kafin ka buɗe bonet, leƙa ƙarƙashin ƙafarka. Kafet mai kauri da ake sayowa a kasuwa yakan naɗe a bayan kuloci ya hana shi kaiwa ƙasa. Daga nan sai ƙaramin tulun man kuloci. Man birki ne ake zubawa, DOT 3 ko DOT 4, kuma a rubuce yake a kan murfin. In ya ragu, akwai inda yake yoyo, don shi ba ƙonewa yake yi ba. Famfo biyu ne ke aikin kuloci, na sama yana tura mai zuwa na ƙasa. Haska tocila a saman fedar, inda sandar famfon sama ta ratsa jikin mota. In wurin ya jiƙe, robar famfon ta mutu. Famfon ƙasa yana jikin giyabos, ja robarsa baya ka duba. Wani gwajin kuma, ka taka kuloci da sauri sau huɗu ko biyar sannan ka sa giya. In ta shiga da sauƙi bayan haka, iska ce a cikin layin, ko famfon ya gaji.

Fitar da iskar aikin mutum biyu ne. Yaro yana ciki, ni ina rami da sifana da siririn tiyo da kwalba. In ce masa, «Taka! Riƙe!» Ya ce, «Na riƙe, maigida.» In sassauta ɗan notin fitar da iska na famfon ƙasa, mai ya fito da kumfa, in ɗaure, sannan in ce ya saki. In ya saki kafin in ɗaure, iskar ta koma, aiki ya dawo sabo. Haka za a yi ta yi, ana ƙara mai a tulun kada ya ƙare, har ya riƙa fitowa garau. Wannan man yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Tsohon mai ne yake sa a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, mota ta tashi da safe lafiya, da azahar giya ta ƙi shiga. Don Allah kada ka bar kowa ya zuba baƙin mai ko man sitiyari a tulun nan. Robobin kumbura za su yi, ka rasa famfo biyun gaba ɗaya.

Masu 350Z su lura: daga ƙirar 2007, famfon ƙasa a cikin kwandon kuloci yake, ba a kai gare shi sai an sauke giyabos. Haka kuma idan famfuna lafiya suke amma kuloci bai daina ja ba, to faifan ne ya lanƙwashe, ko tsatsa ta kama haƙoran shaf ɗin da yake zamewa a kai, ko ɗan boris ɗin tsakiyar filawil ya cije. Duk waɗannan sai an sauke. Amma saukewa daban, buɗe cikinsa daban, kada a haɗa maka kuɗin biyun.

Sai sandar giya. A MX-5 sandar kai tsaye take shiga bayan giyabos, tana zaune a wani ɗan gurbi mai nasa man, da bushin na roba a gindinta, da rigunan roba biyu masu hana datti. Wata da aka kawo min bayan hunturu, da muka ɗaga murfin tsakiyar kujeru sai muka tarar rigunan sun yage, ƙura ta kwaɓe da mai ta zama taɓo, bushin ɗin ya farfashe. Mai motar ya zo da kuɗin giyabos a aljihu. Na ce masa, «Alhaji, mayar da kuɗinka, roba za ka saya.» Muka wanke, muka canza, muka zuba sabon mai, da yatsa biyu ya riƙa sa giya. Motocin da sandarsu ke aiki da kebul, irin su Celica, a cire kan kebul ɗin daga giyabos a motsa sandar. In har yanzu da nauyi, kebul ɗin ne. Wanda kuma aka sa wa gajeriyar sandar tsere, ya sani dole ta fi ta kamfani nauyi a hannu.

Inda na fi jin takaici shi ne man giyabos. An saba da manyan motocin da ke bin hanyar Kusiri zuwa Injamena, sai a ɗebo 85W-140 mai kauri a ɗura wa ƙaramar mota, wai ƙasarmu da zafi. A cikin giyabos akwai zobba na tagulla, sinkuro, waɗanda aikinsu su kama giya su daidaita gudunta kafin haƙora su haɗu. Sai sun matse man da ke tsakani sannan su kama, mai kauri kuwa ba ya matsuwa da wuri. Alamarsa, tauri da sassafe, musamman a sanyin Ngaundere, sannan ya yi sauƙi in mota ta ɗumama. Akwai kuma bambancin GL-4 da GL-5, wato nau'o'in man giya. GL-5 an yi shi ne don aksul, an cika masa sinadaran sulfa da fosfaras, ya fi santsi, wani kuma yana cin tagulla a hankali. Lambar da ta fi girma ba ita ce ta fi kyau ba a nan. Nissan ta rubuta GL-4 75W-85 ga 350Z. Honda tana da nata man giya na musamman. Abin da littafin motarka ya ce, shi za ka nema, ko da sai an aiko maka daga Yawunde.

In za ka canza, fara kwance notin zubawa na gefe kafin na tsiyayewa. Wanda ya tsiyaye mai sannan notin sama ya ƙi kwancuwa, motarsa ta kwana a rami. Tari man a faranti mai tsabta ka fita da shi rana. Baƙin laushi kaɗan a jikin maganaɗisun notin ba komai ba ne. Ƙyalƙyalin ruwan zinariya, sinkuro ne ke cinyewa. Gutsattsarin ƙarfe da za ka ji a yatsa, haƙori ne ko boris. In man ya fito kamar shayin da aka cika wa madara, ruwa ya shiga, kuma motocin nan gajeru ne, ruwan damina da Hilux za ta keta ba ta ji ba ya ishe su. A cika sabon mai, mota a daidaice, har ya fara dawowa ta bakin ramin, kusan lita 2 a MX-5.

Ka sa a duba robobin da injin da giyabos ke zaune a kansu. Ramukan titi suna tsinka su, sai giya ta riƙa ƙin shiga a kwana ko in an taka totur da ƙarfi.

Saura giya guda mai gardama, galibi ta biyu, don ita ta fi shan wuya. Kana tafiya a ta uku, taka kuloci ka dawo firi, saki kuloci, ɗan taɓa totur, sake takawa ka sa ta biyu. In ta shige ba ƙara, alhali ta hanyar da ka saba sai ta yi gurnani, sinkuron wannan giyar ya ƙare, kuma nan ne kaɗai nake yarda a buɗe giyabos. Kafin kaya su iso za ka iya lallaɓawa da wannan takun biyu a cikin gari, ba dukan sanda, ba ɗora hannu a kanta kana tafiya. Amma kada ka gangaro tsaunin da ke tsakanin Ngaundere da Mbe da ita. Wurin yana son ka sauko ƙaramar giya injin ya riƙe mota, in ta ƙi shiga a tsakiyar gangare, birki kaɗai ya rage maka, shi kuma zafi yake ɗauka.