Tsohuwar na'urar shiga intanet: kada a yar da gilashinta

Jama'a, in injin na'urar, irin su laptop, ya mutu amma gilashin allonta bai fashe ba, zai yi muku allon kwamfuta da kuɗi kaɗan. Ku kwance shi a hankali, ku kwafe lambar da ke manne a bayansa. Da ita za ku nemi katin sarrafa hoto mai ramin HDMI ko VGA (inda ake jona wayar hoto daga kwamfuta) wajen masu gyara a kasuwar Dole ta Damagaram, ko ku yi odarsa. Ku ƙirga haƙoran wayar da za ta haɗa gilashin da katin, galibi 30 ne ko 40.

Inda aka fi yin asara shi ne ƙarfin wutar gilashin. A kan katin akwai ɗan maɓallin zaɓi: volt 3.3, 5 ko 12. Gilashin 3.3 in ya sha 12, nan take ya ƙone, babu gyara. Tsofaffin gilasai masu fitilar CCFL (siririn kwan da ke haska su daga ciki) sai da inbata mai ƙara wa fitilar ƙarfin wuta, kuma kada a taɓa ta tana kunne, tana ja sosai.

Don ba katin wuta, caja mai volt 12, amfiya 3 ta isa. Mai batirin sola ya sa regilata mai daidaita ƙarfin wuta, don batiri kan haura 14 lokacin caji. Akwatin da za a saka su a ciki kuma a huda masa ramukan iska, zafin Damagaram ba ya raga wa kati.