Jirgin Ƙasa, Bas Ko Hayar Mota: Lissafin Da Baƙo Zai Yi Kafin Ya Kama Hanya

Ɗan'uwa, da zarar ka ɗan zauna a ƙasar da ka sauka, tafiya zuwa garin da ke kusa za ta taso maka. Ko dai ganawar neman aiki, ko ofishin takardu, ko gaishe da wani da ya riga ka zuwa. Abin da na lura da shi wajen sababbin zuwa shi ne, farashin tikiti kaɗai suke dubawa. Lissafin gaskiya kuwa daga ƙofar gidanka yake farawa har ƙofar inda za ka: nawa za ka kashe, awa nawa za ka ɓata, kuma me zai same ka idan ka makara.

Ni a ganina, a watanninka na farko a Turai, ka riƙi jirgin ƙasa. Tashoshinsa galibi a tsakiyar gari suke, kana sauka ka tarar da bas ɗin cikin gari ko jirgin ƙarƙashin ƙasa a bakin ƙofa. Daga Landan zuwa Birmingham jirgi mai sauri yakan ci kimanin awa ɗaya da minti 20, bas kuwa yakan kusa awa uku. Daga Frankfurt zuwa Cologne jirgin ICE kusan awa ɗaya yake yi, mai mota kuwa sai ya yi wajen awa biyu, in ma hanya a sake take.

Sai dai jirgi suna ya tara, kuma a nan baƙi suka fi faɗawa. A Jamus akwai jiragen yanki, masu alamar RE da RB, akwai kuma na dogon zango, ICE da IC. Duka a tasha ɗaya suke tsayawa, wani lokacin ma a dandamali ɗaya. Tikitin wata-wata da ake kira Deutschlandticket, wanda aka fara a watan Mayun 2023 a kan Yuro 49 kafin ya koma Yuro 58 a farkon 2025, yana ba ka damar hawa jiragen yanki da bas-bas na cikin gari a duk faɗin ƙasar, amma ba ya aiki a ICE. Na taɓa zama kusa da wani matashi da bai fi mako biyu da zuwa ba. Ya miƙa wa mai duba tikiti wayarsa hankali kwance, ita kuwa ta girgiza kai ta nuna masa harufan da ke kan allon tarago. Ya shiga farin jirgin ICE ne saboda ya ga sunan garin da za shi a jiki. Tarar hawa ba da tikitin da ya dace ba a Jamus daga Yuro 60 take farawa, kuma cewa ba ka sani ba ba ta cire ka. Don haka ka dubi lambar jirgi, kada ka tsaya ga sunan gari. Ka kuma sani cewa wannan tikitin rajista ce mai sabunta kanta kowane wata. In za ka daina, sai ka soke kafin 10 ga wata, in ba haka ba za a cire maka kuɗin watan gaba.

Abu na biyu shi ne lokacin saye. Jiragen dogon zango farashinsu hawa yake yi yayin da ranar tafiya ke matsowa. Wanda ya saya da makonni a gaba yakan biya kaɗan ƙwarai a kan wanda ya saya a ranar, alhali kujerunsu na jere. Amma tikitin araha, irin Advance na Birtaniya ko Sparpreis na Jamus, a ɗaure yake da jirgi guda. Idan ka makara da laifinka, ya tafi da kuɗinka. In kuwa jirgin farko ne ya makara har ka rasa na biyu, kuma tafiyar duka a tikiti ɗaya take, kana da haƙƙin hawa na gaba. Shi ya sa nake ba da shawarar a sayi tafiya mai canji a dunƙule, ko da raba ta zai ɗan rage kuɗi. A ƙasashen Tarayyar Turai, jinkirin awa ɗaya yana ba ka damar neman kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, na awa biyu kuma kashi 50. Ba wanda zai biyo ka da shi, kai za ka cike takarda ka nema.

Idan a Birtaniya kake, ka nemi Railcard, katin rangwamen tikitin jirgin ƙasa, tun da wuri. Yana rage kashi ɗaya cikin uku na yawancin tikiti, kuma akwai na 'yan shekara 16 zuwa 25, na 26 zuwa 30, na mutum biyu masu tafiya tare, da na iyali. Ɗalibin da ke karatu na cikakken lokaci yana iya samun na matasa ko ya wuce 25. Ranar Lahadi kuma ka duba manhaja kafin ka fita, domin a ranar aka fi gyaran layin dogo, sai ka je tasha a ce bas ne zai kai ku rabin hanya.

Bas shi ne abokin mai ƙaramin ƙarfi, ban kuma raina shi ba. FlixBus ya fara aiki a 2013, shekarar da Jamus ta buɗe wa kamfanoni kasuwar bas na dogon zango, yanzu ya game Turai. A Birtaniya akwai National Express. Kujera tabbas ce, babbar jaka tana shiga ƙasan mota, ba ruwanka da canjin dandamali da kaya niƙi-niƙi. Illarsa biyu ce. Cunkoson hanya yana kama shi kamar kowace mota, tashar kuma wani lokacin a gefen gari take, kamar babbar tashar bas ta Berlin da ke can yammacin birnin, sai ka ƙara kuɗi da lokaci kafin ka isa inda za ka. In ziyara ce ta ƙarshen mako, hau bas abinka. In ganawa ce da jami'in shige da fice ƙarfe tara na safe, kada ka kuskura, sai dai ka tafi tun jiya ka kwana.

Hayar mota ita ce ta fi jan hankalin 'yan'uwanmu, musamman wanda ya saba tuƙi shekara da shekaru. Ita ce kuma ta fi ɓoye kuɗinta. Fara da lasisi. Birtaniya tana barin sabon mazauni ya yi tuƙi da lasisin da ya zo da shi har wata 12, Jamus kuwa wata shida kacal daga ranar da ka zama mazauni. Bayan nan, tuƙi da shi laifi ne, inshora ma tana iya zame maka idan tsautsayi ya faru. Yawancin kamfanoni kuma katin kiredit mai sunan direba suke so, su riƙe kuɗi masu kauri a kansa a matsayin jingina har ka dawo da mota. Baƙon da bai daɗe da buɗe asusu ba sau da yawa ba shi da irin wannan kati. In ba ka kai shekara 25 ba, akwai ƙarin kuɗi. In za ka ajiye motar a wani gari daban, akwai ƙari. Direba na biyu ma sai an rubuta shi an biya.

Farashin da ka gani a talla bai haɗa da mai ba, bai haɗa da fakin ba, wanda a tsakiyar manyan birane kan lashe kuɗin tikitin jirgi. Landan tana karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari tun 2003. Manyan hanyoyin Faransa da Italiya na biya ne. Tsofaffin unguwannin biranen Italiya suna da yankunan da ake kira ZTL, inda kyamara ke ɗaukar lambar duk motar da ba ta da izinin shiga, tarar ta iske ka bayan watanni, kamfanin haya ya ɗora nasa kuɗin aiki a kai. Ga kuma hannun tuƙi: Birtaniya da Ayilan hagu suke bi, sauran yawancin Turai dama. Motocin haya masu araha a Turai galibi masu giyar hannu ne, in otomatik kake so sai ka nema tun wajen yin oda.

Na taɓa karɓar mota da yamma, ana yayyafi, ina sauri. Ma'aikacin ya miƙo mabuɗi da takarda, na sa hannu na wuce. Da na dawo da ita, sai wani ya durƙusa da tocila a gefen tayar baya ya nuna min wani ƙarce mai tsawon ɗan yatsa. Na tabbata ba ni na yi ba, amma ba ni da shaida, kuma inshorar da ke cikin farashi tana da wani kaso da mai haya ke biya daga aljihunsa kafin ta fara aiki. Daga jinginar suka cire. Tun daga ranar ba na tayar da mota sai na zagaye ta da bidiyo: gilashi, tayoyi, rufi, ma'aunin mai da na kilomita. In na ga ko ɗigo, sai an rubuta a takarda. Ranar mayarwa ma haka, na cika tanki a gidan mai mafi kusa, na adana rasit.

Duk da haka akwai inda mota ta fi. Ku huɗu ne za ku raba kuɗi, ko inda za ku ƙauye ne da bas ke shiga sau biyu a rana, ko tashi kake yi da kayan ɗaki. Mai iyali dai ya tuna da kujerar yara, wadda doka ta wajabta: a Jamus sai yaro ya kai shekara 12 ko santimita 150, a Birtaniya shekara 12 ko santimita 135. Ya kuma kwatanta da jirgi, domin a jiragen dogon zango na Jamus yara har 'yan shekara 14 kyauta suke tafiya tare da babba, muddin an shigar da su a tikitinsa.

Wanda ya sauka a Amurka, lissafinsa daban ne. Tsakanin Boston, New York, Philadelphia da Washington jirgin Amtrak da bas suna wadatarwa. A wurare da yawa a wajen wannan layi kuwa, jirgi sau ɗaya yake wucewa a rana ko babu shi sam, kuma ko bas ya sauke ka, ragowar tafiyar sai da mota. A can, neman lasisin jihar da kake zaune yana cikin ayyukan farko da za ka sa a gaba, tun kafin tafiyar ta taso.