Kurakuran marubuta a labarin ɗan sandan ciki

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sunan bogi babu asali. Marubuci ya raɗa wa jami'insa Ɗanliti, ya jefa shi cikin dillalan ƙwaya, shi ke nan wai ya ɓad da kama. A ƙasar Hausa ba a karɓar baƙo haka. Kafin ya shanye kofin shayi an tambaye shi garinsu, unguwarsu, ɗan gidan wa ne. In ya ce shi Basakkwace ne amma bakinsa Kananci zalla, asirinsa ya tonu tun daren farko. Ka gina masa tarihin da ya yi kusa da gaskiyarsa, ka ba shi sana'ar da hannunsa ya iya. Joseph Pistone na FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, wanda ya zauna cikin 'yan Mafiya, wato ƙungiyar masu aikata manyan laifuka, a New York daga 1976 zuwa 1981, sai da ya koyi sanin duwatsu masu daraja kafin ya fito a matsayin ɓarawon kayan ado.

Sai gaggawa. Babi biyu, har jami'in labarin ya zama na hannun daman ogan ƙungiyar! A bari ya yi watanni yana aike da gadin ƙofa. Kada kuma ya riƙa kiran ofis da wayarsa, domin ita za a fara karɓa a bincika. Jami'i ɗaya ne ke kula da shi, suna da wurin haɗuwa da alamar neman ceto.

Inda labari ya fi mutuwa shi ne a mayar da 'yan ƙungiyar shaiɗanu gaba ɗaya. To, wace amana zai ci? Bari ogan ya biya masa kuɗin asibiti, uwar ogan ta riƙa ajiye masa tuwo tana kiransa "ɗana". Ranar kamun sai ta zo da nauyi. Sonny Black, wani babba a Mafiyar wanda ya tsaya wa Pistone, 'yan ƙungiyarsa ne suka kashe shi bayan gaskiya ta fito.

Bayan aiki kuma a daina rufe littafi da ƙarin girma da ɗaurin aure. Mafarkin firgita kaɗai ba ya nuna raunin zuciya. A nuna shi a gida: ba ya zama sai yana fuskantar ƙofa, yana yi wa matarsa ƙarya a kan abin da bai kai ya kawo ba, mahaifiyarsa ta kira sunansa na yanka sau uku kafin ya waiwayo.