Ciwon baya da gwiwa: yadda ake shan magani ba tare da an ɓata ƙoda ba

A kantin maganin da nake aiki, maganar da na fi ji daga bakin mai a daidaita sahu, da ɗan dako, da tsohuwar da gwiwa ta hana ta sujada, ita ce: "Malam, a haɗa min na ciwon jiki." Ba na haɗawa. Ga abin da nake gaya musu.

Da farko, ka san sunan abin da za ka haɗiya. Ƙwayoyin nan huɗu ko biyar da ake ƙullewa a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, idan aka warware su sau da yawa diclofenac ne da ibuprofen da piroxicam, wanda aka fi sani da Felvin. Duk 'yan gida ɗaya ne. Shan ukunsu tare ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ci bangon ciki ya kawo gyambo, ya kuma wahalar da ƙoda. Ita kuma 'yar ƙaramar farar ƙwayar da ke sa mutum ya ji garau washegari, galibi dexamethasone ce ko prednisolone. Wanda ya daɗe yana shanta za ka ga fuskarsa ta cika ta yi fam, mutane na ta cewa ya samu hutu, alhali sukari na hawa, jini na hawa, ƙashi na lalacewa. In ka daɗe a kanta kada ka yanke rana ɗaya, ka je likita ya rage maka a hankali.

Idan ciwon mai sauƙi ne, fara da paracetamol: ƙwaya ɗaya ko biyu ta miligiram 500, a bar aƙalla awa 4 tsakani, kada babba ya wuce ƙwaya 8 a awa 24, domin hanta ce ke biyan bashin. Ka duba bayan kwalin maganin murar da kake sha, yawancinsu akwai paracetamol a ciki, sai ka lissafa da shi. Gaskiya a ciwon baya ba kasafai yake gamsarwa shi kaɗai ba.

In bai yi ba, zaɓi guda ɗaya tak daga gidan su ibuprofen. Miligiram 400 sau uku a rana, bayan ka ci abinci, na 'yan kwanaki, sannan ka ajiye. Garin Alabukun ma asfirin ne da sinadarin caffeine, asfirin kuwa ɗan gidansu ne, don haka ba a haɗa shi da su. Mai olsa, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai hawan jini, mai asma, mai juna biyu da dattijon da ya manyanta, kada ɗayansu ya taɓa wannan gida sai da izinin likita. Mai azumi kuwa ya bari sai ya sha ruwa, ya ci ya ƙoshi. Wanda ya haɗiya da sahur ya wuni a rana yana gumi, ƙodarsa ce a wahale. Ranar da ka ga bayan gida ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ka tsayar da maganin ka nufi asibiti, jini ne.

Gwiwa da gwiwar hannu da idon sawu, ni na fi son a shafa maimakon a sha. Diclofenac na shafawa yana shiga wurin ba tare da ya dami ciki sosai ba. Robb da Aboniki suna ɗumama wuri su rage raɗaɗi, ba laifi, amma ban da kan rauni. Targaɗe sabo ƙanƙara yake so a kwana biyun farko: naɗe ta a tawul, ɗora minti 15 zuwa 20, ka ɗaga ƙafar bisa matashi. Gashi da ruwan ɗumi na tsohon ciwo ne da jijiyar da ta ɗaure. Allura kuma, wadda mutanenmu suka ɗauka ta fi ƙwaya ƙarfi, maganin ɗaya ne, illar ɗaya, ga haɗarin ƙurji a ɗuwawu.

Tramadol ba na fara shi da kai ba ne. Yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana kuma jawo farfaɗiya, musamman mai miligiram 225 ɗin nan da ake sayarwa a ɓoye. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, ba ta yarda da irin waɗannan magungunan ba, haka ma bel ɗin ɗaure ƙugu. Motsa jiki ta sa a gaba.

Nan ne ake tafka kuskure. Baya ya riƙe, sai mutum ya kwanta sati guda, ya tashi ya ƙara sandarewa. Yawancin sabon ciwon baya yana lafawa cikin sati shida. Ka riƙa tashi kana takawa ko a tsakar gida ne. Za ka ɗauki buhu ko bokiti, durƙusa da gwiwa, jawo kayan jikinka, kada ka sunkuya. Hajiya mai ciwon gwiwa, ki zauna a kujera ki miƙe ƙafa ɗaya, ki ƙirga goma, ki sauke, ki sake da ɗayar, safe da yamma. Naman cinya in ya yi ƙarfi shi ke ɗauke wa gwiwa nauyi, rage ƙiba ma haka. Salla a zaune ta halatta ga wanda ya kasa tsayuwa.

Ƙaho da tausa, wanda ya ji daɗinsu ba na hana shi, muddin askar sabuwa ce. Karaya dai a fara ɗaukar hoto kafin a kai wa mai ɗori, kuma in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi bayan ɗauri, a kwance a tafi asibiti a ranar.

Akwai ciwon da ba na kanti ba ne sam: ƙafa ta mutu ko tana ja, fitsari ko bayan gida na zuwa ba a sani ba ko fitsarin ya ƙi fita, tsakanin cinyoyi ya dushe ba a jin taɓi, gaɓa ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, ko ciwon baya mai hana barci tare da rama da gumin dare, wanda tarin fuka na ƙashin baya kan zo da shi. Haka mai sikila da ƙugu ya dame shi. Waɗannan sai asibiti, na kusa da kai ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma ka tafi da kwalayen duk abin da ka sha a nuna wa likita.