Yadda na gyara dishi-dishin hotunan ɗinkina

Sati uku ina fama. Na yi wa wata babbar riga aikin hannu, ƙanena ya ɗauke ta da wayarsa, hoton tsaf har zaren ana ƙirgawa. Amma in na ɗora a Instagram, sai aikin wuyan ya dame kamar an shafa masa man kaɗanya.

Da farko na zargi gilashin kyamara, muka goge. Na zargi intanet, na jira tsakar dare. Duk a banza.

Ashe a hanya hoton ke lalacewa. Ta WhatsApp ƙanena ke turo min shi, WhatsApp kuwa kan matse hoto don rage cin data, hoton megabait 4 ya iso ƙasa da rabin megabait. Ni kuma sai in ɗauki hoton allon wayata in ɗora, Instagram ta sake matse shi.

Ga abin da ya yi aiki. Na ce wa ƙanena ya danna alamar maƙala fayil a WhatsApp, ya zaɓi dokumen maimakon hoto, ya turo. Haka ya iso da cikakken nauyinsa. Na daina ɗaukar hoton allo, na sauke fayil ɗin kansa. Na yanke shi tsaye a ma'aunin 4:5, faɗi fiksel (ɗigon hoto) 1080 tsawo 1350, girman da Instagram ke karɓa. Sannan a Instagram, a saitin amfani da data, na kunna ɗorawa da mafi kyawun inganci.

Na ɗora, na buɗe da yatsu biyu, ga kowane zare a fili. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa ƙanena da alheri.