Haihuwar fari a Ingila: saƙo ga 'yan Gombe da Bauchi sababbin zuwa

A Jekadafari ko Wunti, mai haihuwar fari ba ta cika sanin wahalar jariri ba sai ta yi arba'in. Ciki na tsufa za a mayar da ita gidan iyayenta: uwa ta dafa ruwan wanka, gwaggo ta wanke jariri, ƙanne su yi wanki, maigida kuwa aikinsa rago da goro da zaryar gaisuwa. A Ingila ku biyu ne rak, shi ya sa da maigida zan fara. Malam, hutun da doka ta ba uba a wurin aiki sati biyu ne. Kada ka ƙarar da shi wajen amsa wayar barka. Ka koyi canza kunzugu, da wanke jariri, da ɗora tukunya, ka riƙa karɓar yaron bayan asuba uwar ta samu ta runtsa. Babu wanda zai ce an mallake ka. Maƙwabcinka ma abin da yake yi ke nan.

Bayan an sallamo ku daga asibiti ungozoma za ta riƙa biyo ku gida, a rana ta biyar a ɗan tsaga diddigen jariri a ɗebi jini don gwaji. Tsakanin kwana 10 zuwa 14 sai wata ma'aikaciyar lafiya mai ziyarar gida ta karɓa. Mutanenmu da yawa na ɗari-ɗari da ita saboda labarin da ake yaɗawa cewa ana ƙwace yara. Ba aikinta ba ne. Ita ce mafi kusa da gwaggon da kuka baro, ku tambaye ta komai, ku kuma riƙe jan littafin da ake rubuta nauyin yaro da alluransa. Abu biyu ku kula da su saboda launin fatarmu. Ciwon shawara bai fiye nunawa a baƙar fata ba, sai a duba farin ido da dasashi. Sannan jariranmu da yawa ana haifarsu da tabo shuɗi-shuɗi a gadon baya ko ɗuwawu, ba ciwo ba ne, amma ku sa a rubuta shi a jan littafin tun farko, kada wata rana wani ya ɗauka shatin duka ne.

Allurar rigakafi tana farawa a sati 8, sai 12, sai 16, sai shekara ɗaya. Ta tarin fuka, wadda a gida ake yi da haihuwa, a nan ba kowane jariri ake yi wa ba, amma ɗan iyayen da aka haifa a Najeriya ya cancanta, wajen kwana 28. Idan shiru ta yi yawa, ku tuna musu. Jariri mai shan nono zalla ana ɗiga masa bitamin D kullum, domin ranar ƙasar nan ba ta Gombe ba ce.

Sanyi shi ne inda iyaye mata ke wuce gona da iri. Wadda ta saba da zafin Maris a Gombe sai ta naɗe yaro da bargo uku ta ƙure hita. Likitoci a nan sun ce ɗakin barcin jariri ya tsaya tsakanin digiri 16 zuwa 20, a kwantar da shi rigingine a gadonsa, babu hula, babu matashi, kuma kada barci ya kwashe ki da shi a kan kujera. Ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa. In yana gumi, kaya sun yi yawa. Zafin jiki ya kai 38 ga wanda bai cika wata uku ba, a kira 111, lambar neman shawarar likita, nan take, in numfashi ne ke sarƙewa 999, lambar agajin gaggawa.

Al'adun jego kuma sai an tace. Wanka da ruwa mai ɗumi babu laifi, amma kunun kanwa a yi hattara: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kanwa da kwanciya kan gado mai wuta. Zuma ba a ba yaro sai ya shekara. Cire belu da tsaga ku manta da su, kaciyar mata kuwa laifi ne da ke kai mutum kurkuku ko da a gida aka je aka yi. Ta ɗa namiji ana yi a asibitocin kuɗi masu rajista. Ragon suna ba a yanka shi a bayan gida. Ko ku yi magana da mahaucin halal, ko ku tura kuɗi a yanka a Bauchi, inda naman zai fi samun mabuƙata. Turaren wuta ma a sassauta, na'urar gidan da ke ƙara in ta ji hayaƙi ba ta san jego ba.

Ƙanwata, a watan Disamba magariba na yi kafin ƙarfe huɗu, maigida yana aiki, ke da jariri da bango. Hukumar lafiya ta NHS ta ce fiye da mace ɗaya cikin goma na shiga ciwon damuwa bayan haihuwa. Idan kuka da ƙuncin zuciya sun wuce sati biyu, ki faɗa wa ma'aikaciyar nan ko likitanki, ki haɗa da addu'a. Ki fita ko laburare ne, yawancinsu suna da zaman iyaye da jarirai kyauta. Idan Hajiya za ta zo, bizar baƙo wata shida ce, kuma jinyarta a asibiti da kuɗi ne, sai a saya mata inshora.

Saura takardu. Rajistar haihuwa cikin kwana 42 ake yinta a Ingila, a Sikotlan 21. Haihuwa a ƙasar nan ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa tun 1983, sai in ɗaya cikin iyaye ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin. Yawancin bizar karatu da ta aiki ba su yarda a karɓi tallafin yara na gwamnati ba, ku duba sharaɗin taku kafin ku cike wani fom. Jinyar asibiti kyauta ce ga jaririn har wata uku, daga nan sai da bizarsa, don haka ku nemi fasfonsa da wuri a ofishin jakadancin Najeriya da ke Landan. Kakanni za su matsa a kawo musu jika su gani. Kada ku yanki tikiti sai bizar yaron ta fito, in ba haka ba za ku dawo ku bar shi a Gombe yana jiran takarda.