Kafin ka shiga gidan da ba ka gama biya ba a Legas

Jama'a abin nan yana faruwa da mutanenmu sosai, daga Agege har Idi-Araba da Mile 12. Mutum ya ba da kafin alƙalami, ko ma ya biya rabin kuɗin gida, kuɗin hayarsa ya kusa ƙarewa, sai mai gida ya ce masa ai ba komai Alhaji ga makulli ka shiga kawai, in ka samu ciko ka kawo. Shi kuma daɗi ya kama shi, washegari ya kira mai fenti da mai tayil. Wallahi nan ne ake asarar kuɗi, kuma kuɗin da aka sha wuya kafin a tara.

Makulli ba shi ne mallaka ba. Tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978 duk filin da ke jiha yana hannun gwamna ne, kuma in mai C of O, wato takardar shaidar riƙe fili da gwamnati ke bayarwa, zai sayar maka sai an nemi amincewar gwamna kafin cinikin ya zauna daram a idon doka. Sannan kotunan ƙasar nan sun sha yanke hukuncin cewa a cinikin gargajiya, wanda ya biya wani ɓangare ya kasa kawo ciko ba a ce ya saya ba, ko da kuwa yana zaune a ciki. Kuma abin da aka gina ko aka manna a jikin gida na mai filin ne. Wato in cinikin ya rushe, silin ɗin POP ɗinka da tayil da rijiyar burtsatse duk sun zama nasa, ba za ka ɓamɓare su ka tafi da su ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

To in dole sai ka shiga, fara da bincike. Ka ɗauki lauya naka na kanka, ba wanda dillali ko mai gida ya kawo ba, ya je ofishin rajistar filaye a Alausa ya duba ko sunan mai sayarwar ne a takarda, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai shari'a a kai. A kai takardar safiyo ofishin babban safiyo na jiha a duba ko filin bai faɗa cikin wanda gwamnati ta karɓe ba, ko kan hanyar ruwa, don kowa yana ganin yadda ake rusa gidajen da aka gina a bakin kwalbati da magudanai. In gidan gado ne na dangin Yarbawa to ka ƙara buɗe ido, dole shugaban dangi da manyan gidan su sa hannu, ɗa ɗaya ba ya sayar da gidan dangi komai bakinsa, gobe sai ka ga wasu sun zo sun ce su ba su san zancen ba.

Bayan nan a rubuta yarjejeniya kafin ka ɗauko ko da tabarma. Na san mu akwai kunya da yarda, za a ce ai mutumin kirki ne tare muke salla, amma ko addini cewa ya yi a rubuta bashi a kafa shaidu. A sa jimlar kuɗi, nawa ka bayar, ranar ciko, da cewa shi ya yarje maka ka shiga kuma a matsayin mai saye ka shiga ba ɗan haya ba. A sa me zai faru in ka makara da biya, kwana nawa zai ɗaga maka ƙafa, in kuma shi ya fasa zai mayar maka da kuɗinka har da na gyaran da ka yi. Wannan layin na ƙarshe shi ne mutane suka fi mantawa kuma shi ya fi amfani, musamman yanzu da farashi ke tashi kullum, mai gida yana iya ganin ka gyara wuri ya yi kyau wani ya taya da tsada sai ya fara neman hanyar fasawa. A kuma rubuta abin da zai biyo baya in ɗayanku ya rasu, magada ba su san alkawarin baki ba. Kuɗi ta banki za ka tura, ka karɓi rasit.

Maganar gyara kuwa, ka tsaya kan abin da za ka iya ɗauka ka fita da shi: labule, kafet, kujeru, fanka, janareta. Fenti mai sauƙi da toshe yoyon rufi ba laifi tunda zama za ka yi, ka ɗauki hoto da bidiyon kowane ɗaki kafin a taɓa, ka ajiye rasit ɗin kaya. Amma fasa bango, ƙara ɗaki, ɗora bene, waɗannan ka bari sai an sa hannu a takardar miƙa mallaka, dama kuma a Legas irin wannan aikin sai da izinin hukumar tsara gine-gine, in ba haka ba LASBCA, hukumar jihar da ke sa ido kan gine-gine, za su zo su yi maka jan fenti a bango su rufe wurin.

Ranar shiga ka duba mita, ka tambayi Ikeja Electric ko Eko, duk wanda ke ba unguwar wuta, ko akwai tsohon bashi a kai, haka kuɗin shara da harajin gida na shekara, a rubuta cewa duk bashin baya na mai gida ne ko a cire daga ciko. In kuma damina ta same ka a ciki kafin ka gama biya, ka lura da kyau inda ruwa ke kwanciya da bangon da ke jiƙewa a watan Yuni da Yuli, ka nuna wa mai gida tun sauran kuɗinsa na hannunka.